Kashi na Biyar a Gidan Alhaji Jalo

Saura kaɗan turin ya kammala Maikuɗi ya fizge wayar daga jikin kwamfutar. Shuɗin layin da ke tafiya a allon ya tsaya cak, sannan ya ɓace. Zinnira ta kai hannu, amma ina, ya riga ya naɗe baƙin faifan da wayarsa ya jefa a aljihun shaddarsa.

Faifan bai fi tafin hannunta girma ba, amma shekara biyar ta kwashe tana tara abin da ke cikinsa: katun ɗin Japan, wanda masu kallonsa ke kira anime, jeri fiye da ɗari biyu. Da shi take sana'a. Matan auren unguwarsu a Gwarzo, waɗanda ba sa zuwa shagunan tura fina-finai na bakin tasha, su ke kawo mata memori har ɗaki ta zuba musu. Ko yanzu ma Adawiyya matar maƙwabcinsu na zaune a bakin gado, goyonta a baya, tana jiran nata.

Maikuɗi ɗan wan mahaifinta ne. Shi ne mai babban shagon turi a bakin tasha, shi ne kuma shugaban ƙungiyar masu wannan sana'a a garin. Ya bar mutum biyu daga ƙungiyar a soro, kuma don su yake ɗaga murya. Ya ce ƙorafi ya isa gare shi cewa tana raba wa matan mutane tsiraici da sunan katun, don haka ƙungiya ta kama faifan sai an yi bincike.

"Yaya Maikuɗi, wa ya kai ƙarar? Faɗi sunan mutum ɗaya."

"Ni za ki tuhuma? Katun dai na yara ne. Duk babbar macen da ta tura ƙofa tana kallon katun, to akwai abin da ke ciki."

Adawiyya ta zare memorinta daga kwamfutar ta sulale ba sallama. Umma, mahaifiyar Zinnira, ta fito daga madafa da ludayi a hannu tana haɗa shi da darajar marigayi ƙanin ubansa. Ya durƙusa ya gaishe ta da ladabi, ya ce shi ma dole ce ta sa, sannan ya miƙe ya fice da faifan.

Kwana uku aka yi ba wadda ta leƙo. Ran na huɗu Adawiyya ta kira ta ta saman katanga, murya ƙasa-ƙasa, ta ce maigidanta ya hana ta shigowa, kuma ba shi kaɗai ba, maganar har majalisar ƙofar masallaci ta kai. Zinnira ba ta yi kuka ba sai da yamma, da ta bi ta tasha za ta sayo wa Umma magani. A ƙofar shagon Maikuɗi an jingine sabon allo, fentinsa bai gama bushewa ba, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa akwai katun ɗin Japan kala-kala. Samari har sun yi layi.

Ta tsaya tana kallon allon har wani mai babur ya yi mata hon. A hanyar gida ta share fuskarta da gefen hijabi, ta yi wa kanta alkawari: yadda ya tsaya a tsakar gidansu ya ɓata mata suna a gaban shaidu, shi ma sai ya ji kunyar da ba zai iya ɗaga kai ba, kuma a gaban waɗanda yake jin nauyi. Yadda za a yi ne ba ta sani ba.

Shi da kansa ya kawo mata hanyar. Ranar Lahadi da hantsi ya yi sallama da ledar lemo da kankana, ya zauna a tabarma kusa da Umma yana ta jan gaisuwa, ya tambayi ƙafarta, ya tambayi awaki, har ya tambayi rufin ɗakin da ke yoyo. Sai da Umma ta tashi duba tukunya sannan ya juyo.

Maikuɗi na neman auren Kamila, 'yar Alhaji Jalo na Masanawa a ƙasar Kabo, kuma ranar Juma'a mai zuwa matan gidansu za su kai kayan sa rana. Alhaji Jalo dattijo ne mai shanu da gonakin shinkafa a fadama. Ya saka sola, ya sayi ƙatuwar talabijin, amma ya kafa doka ba fim ɗin Indiya ba na Hausa, don ba ya son rawa da waƙa a gidansa. Katun kawai ya yarda da shi, wai zane ne, ba ya cutar da kowa. Maikuɗi ya buɗe baki a gabansa ya ce ai katun kam shi ne gidansa. Yanzu ga faifai a hannu, ga folda fiye da ɗari biyu da sunaye masu karya harshe, bai san ta ina zai fara ba.

"Ke kin san su," ya ce yana sosa ƙeya. "Zaɓar min wanda dattijo zai kalla da iyalinsa. In an wuce sa rana sai mu duba maganar faifanki."

Zinnira ta sunkuyar da kai kamar mai nazari, don kada ya ga fuskarta.

Abin da Maikuɗi bai sani ba shi ne, ita ba ta taɓa tura wa kowa abin da ba ta kalla daga farko har ƙarshe ba. Tana da wani littafi mai bangon kwali a ƙarƙashin katifa. Kowane jeri da shafinsa, kowane kashi da layinsa, duk kashin da ke da abin da bai dace da gidan Bahaushe ba ta ja masa jan biro, kuma ba ta tura shi. A faifan dai komai na nan yadda ya zo. Masu shago kuwa ta san aikinsu: su buɗe kashi na farko, su ji murya na fita, su tsallaka tsakiya su ga hoto bai tsaya ba, shi ke nan su zuba duka.

Ta gyara zama ta fara yi masa bayani yadda take yi wa duk sabuwar mai saye. Ta ce anime ba abu ɗaya ba ne. Akwai na faɗa, inda saurayi zai yi kashi goma yana horo kafin ya kai naushi ɗaya, wannan na samarin shagonsa ne, dattijo zai yi barci. Akwai na 'yan ƙwallo, akwai na masu bincike, akwai na ban tausayi wanda ta ga ya sa mai 'ya'ya shida kuka har da majina. Ta ce sabon shiga ba a ba shi dogo, wasu sun haura kashi ɗari biyar, mutum zai gaji tun bai san sunan kowa ba. Gajere ake nema, mai kashi goma sha biyu, kuma wanda ya shafi abin da mutumin ya sani.

"Me Alhaji ya fi so a duniya?"

"Shinkafa," Maikuɗi ya ce yana dariya. "In ya fara zancen dashe sai an kira salla."

"To an gama. Akwai na wani tsohon manomin shinkafa da manyan 'ya'yansa uku da suka baro birni suka dawo taya shi. Tun daga jiƙa iri har girbi. Ba faɗa, ba rawa."

Ta rubuta masa sunan foldar a bayan kwalin magani. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Jan biron da ke kan kashi na biyar ne kawai ba ta ambata ba. Ta ƙara masa shawara ɗaya, cewa kada ya bari su cinye shi a zama ɗaya, kashi ɗaya kullum bayan la'asar ya fi daɗi, ta haka Alhaji zai riƙa nemansa. Maikuɗi ya ce lallai tana da kai, gobe Litinin zai kai.

Bayan ya fita ta ƙirga a yatsunta. Litinin ɗaya, Talata biyu. Ta tsaya a kan babban yatsa, Juma'a.

Umma ta dawo ta same ta tana ɓare lemo tana murmushi. Ta yi hamdala, ta ce zumunci ya fi komai, gara da ta haƙura. Zinnira ta miƙa mata rabin lemon.

Labari ya riƙa zuwa daga Masanawa ta bakin Maikuɗi kansa, don kullum sai ya biyo ya yi alfahari. Ran Litinin Alhaji ya kalla shi da iyalinsa. Ran Talata ya tsayar da hoto ya kira manajan gonarsa ya nuna masa yadda mutanen ke ja igiya su yi dashe a layi. Ran Laraba maƙwabta suka fara zuwa, aka fito da talabijin baranda. Da yake maganar da Japananci ake yi, rubutun Turanci ne ke gudu a ƙasa, sai Maikuɗi ya zama mai fassara, yana tsaye gefen allo da rimot, abin da ya gane ya faɗa, abin da bai gane ba ya ƙirƙira. Ran Alhamis limamin unguwar ya zo.

"Alhaji ya tambaye ni ko na kalle shi duka," ya ce wa Zinnira, yana gyara hula. "Na ce sau uku ma."

"Ka kyauta, Yaya," ta ce.

Daren ba ta yi wani dogon tunani ba. Da asuba dai, tana ninke sallaya, Kamila ta faɗo mata a rai, yarinyar da ba ta taɓa yi mata komai ba. Ta ɗauki waya, ta lalubo lambar Maikuɗi, ta tsaya. Ta taga ta hango Adawiyya na shanya, suka haɗa ido, Adawiyya ta kau da kai ta shige ɗaki. Zinnira ta ajiye wayar ta ɗauko mayafinta na fita unguwa.

Mata tara, har da Zinnira, suka cika motar haya da goro da alewa da turamen atamfa, Maikuɗi a gaba kusa da direba. Sun isa Masanawa bayan an sauko daga masallaci. Aka shiga da su cikin gida, aka kawo fura da nono mai kauri, aka buɗe kaya ana sa albarka. Kamila ta leƙo sau ɗaya ta gaida su fuska a rufe ta gudu.

Ana idar da la'asar Alhaji Jalo ya aiko cewa baƙi su fito su ga abin da ɗansu ya kawo masa. Dogo ne, fari, siriri, da farin gemu, yana zaune a kujerar roba a tsakiyar baranda. Liman na damansa, ƙannensa biyu da dattawan unguwa a kan darduma. An shimfiɗa wa mata tabarmi ta ɓangaren ƙofar cikin gida, matan Alhaji da mahaifiyarsa tsohuwa a gaba. Zinnira ta zauna can baya, inda take ganin allon tana kuma ganin fuskar Maikuɗi.

Kashin ya fara lafiya lau. An yi girbi, dammunan shinkafa a rataye a kan sanduna suna bushewa, tsohon manomin na murza zangarniya a tafin hannu. Alhaji ya nuna da sandarsa ya ce wa liman ya duba, ba sa barin ta a ƙasa ta sha danshi. Maikuɗi ya ce ai tsohon cewa yake Allah ya yi wa noman bana albarka. Aka ce masha Allah.

Sai mutanen ƙauyen suka ɗauki ƙunshi suka nufi dutse, maza da mata, tsofaffi da magidanta. Maikuɗi ya ce za su kai zakka ne. Zinnira ta cusa gefen mayafi a baki.

Hoto ya sauya. Tururi ya cika allon, da ya washe sai ga tafkin ruwan zafi a tsakanin duwatsu. Ga tsohon manomin da Alhaji ya kwana huɗu yana yabo, tsirara, daga shi sai ɗan tawul da ya ninke ya ɗora a ka. 'Ya'yansa maza na biye da shi, haka. Daga ɗaya gefen shingen gora matan ƙauyen ne a cikin ruwa, har da surukar tsohon, suna dariya suna miƙa wa juna ƙananan kofuna. Ba a buƙatar mai fassara kafin a gane abin da ke cikin kofunan, don nan take fuskar tsohon ta yi ja, ya miƙe a cikin ruwan yana tangaɗi yana waƙa, tawul ɗin ya faɗo.

Mahaifiyar Alhaji ce ta fara magana, da yake idonta ba ya gani sosai, ta tambaya da ƙarfi ko wando ne mai launin jiki mutumin ya sa. Liman ya yi salati ya miƙe yana neman takalmansa. Matan Alhaji suka ja mayafi suka rufe fuska suka yi cikin gida suna ture juna.

Maikuɗi ya danna rimot. Maimakon ya kashe sai ya ƙara murya, waƙar tsohon ta cika unguwa. Ya sake dannawa, hoton ya tsaya cak a daidai inda bai kamata ya tsaya ba. Sai da ƙanin Alhaji ya tashi ya zare wayar wuta.

Alhaji Jalo bai ɗaga murya ba. Ya dubi Maikuɗi, ya daɗe yana dubansa.

"Sau uku ka ce ka kalla."

"Baba, wallahi ban…"

"In ka kalla, ka san abin da ka kawo gaban mahaifiyata. In ba ka kalla ba, ƙarya ka yi min a gaban liman. Zaɓi ɗaya."

Maikuɗi ya durƙushe a kan siminti, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Idonsa ya zagaya cikin matan har ya sauka a kan Zinnira, ita kuwa ta dube shi ido cikin ido, ba ta ƙifta ba. Ta san ba zai iya kiran sunanta ba. In ya ce ita ta zaɓa, ya tona cewa kayan ba nasa ba ne, ƙwace ya yi daga hannun marainiyar ƙanin ubansa.

Alhaji ya miƙe, ya ce a mayar wa baƙi kayansu mota, maganar rana a dakata tukuna sai ya yi shawara da 'yan'uwansa. Ya shiga turakarsa ya ja ƙofa.

Motar ta kamo hanyar Gwarzo. Mahaifiyar Maikuɗi na ta sharar hawaye, kwandon goro a cinyarta. Zinnira ta jingina kai da gilashi tana kallon gonakin dawa na wucewa. Ta jira ta ji nadama, ba ta ji ba. Abin da ta ji shi ne yunwa, irin wadda rabonta da ita tun ranar da aka fizge faifan.

Kafin Asabar ta ƙare labarin ya riga su zagaya Gwarzo. A majalisar ƙofar masallaci, inda aka yanka ta aka soya mako biyu da suka wuce, yanzu cewa ake shugaban ƙungiya da kansa ne ya nuna wa surukinsa da liman tsiraici. Allon nan na bakin tasha ya ɓace. Ran Lahadi da safe Adawiyya ta shigo da memori a ƙulle a bakin zani, tana dariyar kunya, ta ce maigidan ya ce ashe ba daga nan ɓarnar take ba, ai shekara biyu suna kallon na Zinnira ba su taɓa ganin ko gwiwar mutum ba.

Suna cikin haka Maikuɗi ya shigo, ba sallama ba gaisuwa. Ya rame a kwana biyu. Ya ciro baƙin faifan daga aljihu ya ajiye a kan tabarma gaban Zinnira, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

"Ga kayanki. Naki ne, ko? Faɗa a gaban Adawiyya."

"Nawa ne mana. Da ma na wa ne?"

"Madalla," ya ce. Ya yi wani ɗan murmushi da bai yi kama da na wanda aka kayar ba, ya juya ya fita da sauri.

Zinnira ta ɗauki faifan ta goge shi da gefen zani. Ta jona shi, foldoji suka jeru, ba wadda ta ɓata. Ta karɓi memorin Adawiyya, tana tambayarta inda suka tsaya a na masu binciken nan, sai suka ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Aka buɗe ƙofofi uku, aka rufe.

Umma ce ta je amsa sallamar. Ta dawo ta ce wani mutum ne a soro, ba ta taɓa ganinsa ba, da wasu biyu a bayansa masu riga iri ɗaya. Zinnira ta zare faifan, ta zura hijabi ta fita, ba ta ma lura yana hannunta ba.

Mutumin gajere ne mai tabarau, da jakar takardu a hammata. Ya gaishe ta a natse, ya tambayi gida da iyali, ya ce sunansa Mijinyawa, daga hukumar tace fina-finai ta Kano aka turo shi kan abin da aka nuna wa jama'a a Masanawa ranar Juma'a. Sun fara zuwa shagon bakin tasha, sun bincike shi tas ba su sami komai ba, mai shagon ya ce shi saƙo kawai ya kai, mai kayan na wannan gida.

Ya sauke tabaransa kaɗan ya dubi hannunta.

"Malama, wannan da kike riƙe da shi, na wane ne?"